Yadda nake shawo kan zawo bayan an yi mini jakar hanji

Wanda aka cire wa babban hanji, aka naɗe ƙarshen ƙaramin hanjinsa aka yi masa 'yar jaka aka haɗa ta da dubura, shi nake wa wannan rubutu, tare da matarsa ko mijinta ko uwar da ke tsaye kan tukunyarsa. Ni malamin makaranta ne a Birnin Kebbi. Gyambon babban hanji ya wahalshe ni shekaru, magani ya gaza, daga ƙarshe aka yi mini aikin a Indiya. Da na dawo gida sai na tarar takardun da aka haɗo ni da su duk abincin wasu mutane suke lissafawa, ba tuwo a ciki, ba fura, ba kuma zafin Afrilu irin na garinmu. Abin da na ji daga bakin likitocina da abin da jikina ya nuna mini shi zan shimfiɗa a nan. Likitanka dai shi ya san abin da ya ɗinka a cikinka, don haka maganarsa tana gaban tawa.

Sai ka san abin da aka ɗauke maka kafin ka san abin da za ka nema. Aikin babban hanji shi ne tsotse ruwa da gishiri. Kullum ƙaramin hanji yana zuba masa kimanin lita ɗaya da rabi na abu mai ruwa-ruwa, shi kuma ya shanye mafi yawansa, ya bar ɗan abin da ke fita da tauri. To wannan ma'aikaci ya tafi. Jakar da aka yi maka wurin ajiya ce kawai. Likitoci biyu, Parks da Nicholls, su suka fara bayyana irin wannan aiki a 1978 a Asibitin St Mark's da ke Landan, sai wani likita ɗan Japan mai suna Utsunomiya ya kawo jaka mai siffar harafin J a 1980, wadda ita ce aka fi yi yanzu. Tun daga lokacin an san cewa mai jaka, ko da komai ya daidaita, yakan zaga sau huɗu zuwa takwas tsakanin dare da rana, yawanci har da sau ɗaya cikin dare. A makonnin farko bayan an rufe ƙofar da aka buɗe maka a gefen ciki don bayan gida ya riƙa fita ta nan kafin jakar ta warke, yana iya haura goma. Jakar tana buɗewa a hankali, tana koyon riƙewa, kuma wannan yakan ɗauki wata shida zuwa shekara.

Na daɗe a kan wannan ne saboda wanda ya sa a ransa zai koma zagawa sau ɗaya da safe kamar da, zai yi ta ɗirka wa kansa magani yana neman abin da ba zai samu ba, har ya toshe kansa. Kauri muke nema. Idan bayan gida ya yi kaurin kwaɓin yaɓe, jaka tana iya riƙe shi, ba ya tsiyaya cikin barci, ba ya ƙona fata sosai, kuma kana iya gama darasi na minti arba'in a gaban aji ba tare da idonka na kan ƙofa ba. Duk abin da zan faɗa a ƙasa, wannan kaurin yake bi.

Ka sayi ɗan littafin rubutu irin na 'yan firamare. Ka riƙa sa abin da ka ci, da lokacin da ka ci, da sau nawa ka zaga, da ko ruwa ne ko da kauri. Kuma abu ɗaya za ka riƙa canzawa a lokaci guda, ka ba shi kwana uku ko huɗu kafin ka taɓa wani. Wanda ya fara faiba, wato ɓangaren tsirrai da hanji ba ya narkarwa, da maganin tsayar da zawo rana ɗaya, ya kuma daina shan nono a ranar, in ya ji sauƙi bai san wanne ya yi aiki ba, in ciki ya kumbura bai san wanne zai bari ba.

Yanzu maganar faiba, inda nan ne aka fi samun ruɗani. Za ka ji ana cewa faiba maganin taurin bayan gida ce, to ina ruwan mai zawo da ita? Iri biyu ce. Akwai mai kaushi wadda ba ta narkewa a ruwa: dusa, ɓawon wake, ɓawon tumatir, 'ya'yan gwaba, zaren mangwaro, tuƙar rake. Wannan tana hanzarta hanji, tana kuma iya cunkushewa a inda aka yi ɗinki. Akwai kuma mai narkewa, wadda in ta haɗu da ruwa take shanye shi ta yi yauƙi. Ita ce tamu. Wadda aka fi ba masu jaka ita ce ta ɓawon ƙwayar wani tsiro da ake nomawa da yawa a Indiya, ana ce mata siliyam ko ispagula. A manyan kemis za ka same ta da sunan Fybogel, a 'yar leda mai giram 3.5, wani lokaci da sunan Metamucil. A ƙananan kemis na unguwa ba kullum ake samu ba, ni nakan sa a taho mini da ita daga Sakkwato ko Kano in ta yanke a gari.

Ga yadda nake sha. Da asuba, bayan na dawo daga masallaci, kafin karin kumallo da kamar minti ashirin, sai in zuba ruwa rabin kofi, in ɗebi garin cokalin shayi ɗaya shafaffe, in zuba, in juya da sauri kamar sau goma. Garin yana fara yawo a saman ruwa, sai ka ga ruwan ya yi duhu-duhu ya fara kama cokali. A nan ake shanyewa, tashi ɗaya. In ka tsaya amsa sallama ka dawo, za ka tarar ya daskare a gindin kofi, ba ya shiga maƙogwaro. Sai in ɗauraye kofin da ɗan ruwa kaɗan in kora.

Rabin kofin nan da gangan ne. Abin da aka rubuta a jikin kwali, cewa a sha da ruwa mai yawa, an rubuta shi ne don mai babban hanji da ke neman laushi. Mu kuwa so muke garin ya shanye ruwan da ke cikin hanji, shi ya sa likitana ya ce in rage ruwan haɗin, in kuma jinkirta shan wani ruwa mai yawa har bayan rabin awa. Amma ragewa daban, hanawa daban. Kada ka kuskura ka watsa garin a baki busasshe, yana iya kumbura a maƙogwaro ya shaƙe ka. Kada ka sha ka kwanta nan take. Wanda haɗiya ke ba wuya, ko wanda aka ce masa wurin ɗinkinsa ya tsuke, kada ya fara sai likita ya duba shi.

Ka fara da rabin cokali sau ɗaya a rana. In ciki bai yi ƙugi da iska ba bayan 'yan kwanaki, ka kai cokali ɗaya, daga baya ka ƙara na biyu kafin abincin yamma in da buƙata. Iska da ɗan kumburi a makon farko ba abin tsoro ba ne, sukan lafa. In kana shan wasu magunguna, na hawan jini ko na ƙarin jini ko wani, ka raba su da faiba da kamar awa biyu, domin yauƙin yana iya riƙe magani ya hana jiki ɗaukarsa. Ka kuma duba jikin kwali: kayan da aka ce ba sukari a ciki wani lokaci ana sa musu sobitol don zaƙi, shi kuwa zawo yake sawa.

Gaskiya ita ce ba kowa faiba ke rage wa yawan zagawa ba. Ni abin da ta yi mini shi ne kauri da raguwar ƙuna, da barcin da ba na farkawa in tarar zane ya ɓaci. Yawan zagawar kuwa wani magani ne ya rage shi. Akwai kuma wanda garin ke sa wa bayan gida ya yi danƙo har ya riƙa yunƙuri kafin jaka ta fita duka. In ka ga haka ka rage, ko ka bari. Yunƙuri ba ya yi wa jaka kyau.

Maganin da nake nufi shi ne lofaramaid, wanda aka fi sani da Imodium, ƙwaya mai miligiram 2. Yana rage saurin tafiyar hanji don ruwa ya samu lokacin shiga jiki, yana kuma ɗan ƙara wa dubura ƙarfin riƙewa. Mutanenmu sun saba shan sa bayan zawo ya riga ya tsinke. Mai jaka kuwa kafin abinci yake sha, da kamar rabin awa, don maganin ya riga abincin isa, sannan wani kafin barci in dare ne ke ba shi wahala. Ana farawa da ƙwaya ɗaya. Iyakar da aka saba ba babba ita ce miligiram 16 a rana, ƙwaya takwas ke nan, kuma ko kusa da wannan kada ka kai kanka ba da sanin likita ba, domin yawansa fiye da kima yana rikita bugun zuciya. Ranar da kake zazzaɓi, ko ka ga jini, ko ciki ya kumbura yana murɗa, ranar ba ta lofaramaid ba ce, ba ta faiba ba ce.

A wajen abinci Allah ya yi mana gata a Kebbi, domin shinkafa ita ce uwar masu kawo kauri, kuma ga ta muna nomawa daga fadamar Argungu har Yawuri. Tuwon shinkafa, farar shinkafa da ta dahu luguf, dankali, doya, taliya, farin burodi, ayaba nunanniya, tunkuza mai laushi: waɗannan su ne abokan tafiyata. Miyar kuka da ta busasshiyar kuɓewa da aka daka aka tankaɗe suna karɓa ta sosai, in dai an rage yaji da mai. Ɗanyar kuɓewa mai 'ya'ya kuwa nakan yi hankali da ita. Tuwon dawa da na masara ina ci in an surfe hatsin da kyau an fitar da dusa, an kuma tankaɗe garin da rariya mai laushi. Maiɗakina ta mayar da wannan ƙa'ida a gidanmu, har yara sun san tankaɗen Baba daban yake.

Masu tsinka ciki kuma sanannu ne, sai dai kowa da nasa. A wurina barkono ne kan gaba, domin yadda ya shiga haka yake fita. Sai kayan zaƙi masu ruwa: lemon kwalba, zoɓo mai sukari, kunun zaƙi, ruwan rake. Sukari mai yawa yana janyo ruwa zuwa cikin hanji. Sai kunun tsamiya da abincin da aka cika wa kanwa. Goro da kofi da shayi mai kauri suna zaburar da hanji. Fura da nono sai ka gwada da kanka. Wasu kindirmo ba ya damunsu amma madara tana tsinka su. Ni nakan sha 'yar kaɗan da rana, ba na sha da dare.

Akwai wasu da ba zawo ne matsalarsu ba, toshewa ce: aya, gugguru, gasasshiyar masara, kwakwa, gyaɗa mai ɓawo, goruba, kwaɗon zogale da na rama, ganda, da kilishin da ba a tauna da kyau ba. A watannin farko ka bar su gaba ɗaya. Daga baya in za ka gwada, ɗan kaɗan, da rana, ka tauna har ya zama gari.

Lokacin cin ma yana da nasa tasiri. Al'adarmu tuwon dare shi ne babban abinci, a ci bayan isha'i a kwanta. Mai jaka in ya yi haka, tsakar dare zai biya. Na mayar da babban abincina na rana, na yamma kuma ina ci tsakanin la'asar da magariba, marar nauyi, yadda za a samu awa uku ko huɗu kafin in kwanta. Kada kuma ka ce za ka ƙi cin abinci don kada ka zaga. Hanjin da ba komai a ciki iska yake tarawa da ruwa mai ɗaci, wanda ya fi komai ƙona fata. Ci kaɗan-kaɗan sau da yawa ya fi.

Ruwa da gishiri su ne abin da nake jin tsoro a kai fiye da komai, saboda ƙasarmu. Daga Maris zuwa Mayu zafi a Birnin Kebbi yana haura digiri 40. Kana zubar da ruwa da gishiri ta gumi, kana zubarwa ta jaka, kuma hanjin da zai maido maka da su babu shi. Ruwa zalla in ka yi ta kwankwaɗa a ranar da ciki ya tsinke ba ya maido da gishirin da ka rasa. Ka ajiye ledojin ORS, wato garin haɗa ruwan gishiri da sukari, a gida da cikin aljihu. Yawancinsu lita ɗaya ake haɗa su da ita, wato ruwan leda biyu, amma ka karanta jikin ledar domin akwai ta rabin lita. In babu, ka haɗa da kanka: ruwa mai tsabta lita ɗaya, sukari cokalin shayi shida shafaffu, gishiri rabin cokalin shayi. Kurɓa ake yi a hankali cikin yini, abin da ya kwana a zubar. Fitsarinka shi zai gaya maka gaskiya. In ya yi kaɗan ya yi ja, in kana tashi tsaye jiri na ɗibarka, in ƙafa na ɗaurewa da dare, kana bin jikinka bashin ruwa. Masu irin aikinmu sun fi sauran mutane saurin samun tsakuwar ƙoda, kuma ƙarancin ruwa ne babban dalili. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda ko na zuciya ya tambayi likita yawan gishirin da ya dace da shi.

Azumi ma a nan ya shigo. A shekarar farko likitana ya hana ni, kuma aya ta 184 da ta 185 a Suratul Baƙara sun yi wa marar lafiya rangwame. In an ba ka izini daga baya, ka sha faibarka da maganinka kafin sahur, ka kurɓi ORS tsakanin buɗa baki da sahur, kada ka buɗe baki da zoɓo mai sanyi da tulin ƙosai a cikin da ya wuni ba komai. Ranar da zawo ya tsinke ko jiri ya kama ka, ka sha ruwa ka rama daga baya. Batun alwala ga wanda ke samun 'yar tsiyaya kuma, malamanmu na Malikiyya suna da sauƙi a kan abin da ke fita ba da ikon mutum ba. Ka cire kunya ka tambayi malamin da ka yarda da shi, kada waswasi ya raba ka da jam'i.

Fatar dubura tana shan wuya, domin abin da ke fitowa daga ƙaramin hanji yana ɗauke da ruwan narkar da abinci. Butarmu ta fi takarda nesa ba kusa ba. Ka wanke da ruwa zalla, ba sabulu, ba gogawa, ka dangwala tsumma mai laushi ya bushe, sannan ka shafa man da ke da zinki irin na gindin jarirai, kamar Sudocrem, ko Vaseline in shi ke gare ka. Tun kafin ƙuna ta fara ake shafawa. In ƙunar ta ƙi ji, ka gaya wa likita, akwai garin magani da ke kama ruwan ɗacin a cikin hanji.

'Yan'uwa za su zo da taimako, kuma da zuciya ɗaya suke zuwa. Gwaggona ta taso tun daga Argungu da galan ɗin jiƙo a ƙunshe cikin zane, ta dire shi gabana ta ce, "Ɗan nan, wanga abu basir na, sha ka gani." Na karɓa da hannu biyu na ce, "Gwaggo, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Sai dai hanjin da jiƙon zai wanke, likita ya cire shi." Ta yi shiru, ta ce to Allah ya sawwaƙe, ta koma yi mini addu'a. Yawancin jiƙon basir da na wankin ciki akwai masu sa gudawa a ciki, irin su filasko. Mai babban hanji zai sha ya zaga ya tashi. Kai kuwa yana iya kai ka ga ƙarin ruwa a asibiti cikin yini ɗaya.

Abu na ƙarshe da ya kamata ka iya shi ne rarrabe zawon abinci da zawon ciwo. Na abinci yana da dalili a littafinka, kuma yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. Amma in zagawa ta ƙaru haka kawai ta ƙi sauka, ga matsuwa ba ka iya jira, ga murɗa a mara, ga tsiyaya da dare, wani lokaci da jini ko zazzaɓi, to wataƙila jakar ce ta kumbura. Kusan rabin waɗanda aka yi wa aikin saboda gyambon hanji sukan gamu da wannan ko sau ɗaya ne. Ana maganinsa da sifrofulozasin ko Flagyl na kimanin mako biyu, kuma yawanci yana ji. Sai dai kada sanin sunan maganin ya sa ka wuce kemis ka saya. Alamomin nan ɗaya suke da na atini da na wasu ƙwayoyin cuta, sai an gwada bayan gida, wani lokaci a leƙa jakar da na'ura. Flagyl in aka daɗe ana sha yana iya lalata jijiyoyin ƙafa da hannu. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da diklofenak, waɗanda ake sha kamar gyaɗa a garin nan, an danganta su da kumburin jaka. Farasitamol ya fi maka aminci. Da damina kuma, lokacin da amai da gudawa ke yawo kamar yadda aka gani a jihohinmu a 2021, ka tafasa ruwan shanka, ka bar salak da yankakken kayan marmari na bakin hanya. Abin da zai kwantar da mai cikakken hanji kwana biyu, kai cikin awoyi zai ƙarar maka da ruwa.

In kuwa ciki ya kumbura yana murɗa, kana amai, bayan gida ya tsaya cik ko ruwa kawai ke ɗiga, toshewa ce ake tsoro. Ka ajiye faiba da lofaramaid da abinci mai tauri, ka nufi babban asibiti, Asibitin Koyarwa na Tarayya a nan Birnin Kebbi ko na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, inda akwai likitocin fiɗa. Haka in amai ya hana ORS zama a cikinka, ko ka wuni ba ka yi fitsari ba. Aikin namu ba a saba ganinsa ba, don haka ka sa likitanka ya rubuta maka 'yar takarda da ke cewa ba ka da babban hanji, kana da jaka, ga magungunan da kake sha, kuma kada a ba ka maganin wankin ciki ko a sa maka wani abu ta dubura sai likitan fiɗa ya gani. Ka yi mata kwafi biyu, ɗaya a aljihunka, ɗaya a hannun wanda zai raka ka asibiti, ka kuma ɗauki hotonta a waya.